Inda Za Ta

Shekara shida ina ɗaukar fasfo a bakin kasuwar Wunti.
"Ɗaga haɓa. Kar ka ƙifta. Yawwa."
Mutum ya ƙame a gaban farin ƙyalle,
in danna, ya biya, ya tafi.
Na zaci na iya.

Sai ga ni a Yankari wata Talata
da kyamarar aro mai baki kamar taɓarya,
wadda Sallau ya miƙo mini yana nanata kuɗinta.
Mun wuce Mainamaji rana ba ta gama wanke ido ba.

Na farko mazo ne, a gaɓar Gaji,
ya ɗago kai, ruwa na ɗiga daga leɓensa.
Bakina ya riga hannuna, na ce, "Tsaya haka."
Wallahi na faɗa.
Abin da na samu: ganye,
da inuwar ƙafar baya.

Jan biri ya gifta,
ya fito kamar an shafa wa iska manja.
'Ya'yan mugun dawa biyar, wutsiya a miƙe kamar eriyar rediyo,
suka tsallaka hanya a jere.
Na ɗauki hanyar.
Fakara ta tashi fir, na ɗauki sama.
Kafin azahar na tara wutsiya arba'in,
kai ko ɗaya.

Baba Maikano, ɗan rakiyarmu, yana ta tauna goro.
Rabin babban yatsansa bindigar toka ta cinye tun yana saurayi.
Yanzu gadin abin da ya saba harbi yake yi.
Ya tofar, ya ce, "Ɗan birni,
kana bin ta a baya kamar mai bin bashi.
Ni ban san injinka ba, amma na san dabba.
Ba inda take ake nema ba,
inda za ta.
Dubi kunne. Kunne ke fara tafiya, ƙafa ta biyo.
Manna gwiwar hannu a haƙarƙari,
juya da ƙugu, kamar mai watsa wa kaji tsaba.
Numfashin nan kuma, ajiye shi, ba zai ɓata ba."

Na murɗa ɗan maɓallin
har ƙiftawar kyamara ta koma ɗaya bisa dubun daƙiƙa.
Hoto ya yi duhu. Na ƙara buɗe mata ido.
Muka zauna a gindin kanya.
Tsando ya sha rabonsa a wuyana, ban kore shi ba.
Ƙafata ta mutu, ta farfaɗo, ta sake mutuwa.

La'asar sakaliya, gwanki uku suka fito kiwo.
Ta tsakiya ta karkata kunne yamma.
Na bar ta.
Na kafa bakin taɓarya a fili fetal
tsakanin giginya biyu, inda babu komai sai ciyawa,
zuciyata na cewa wauta ce.
Sai ciyawa ta tsage.
Na danna, na danna, na bi ta da ƙugu, na danna.

Ɗari uku da goma sha biyu na ƙirga a Wikki da dare.
Guda ɗaya.
Ƙafa huɗu a sama, babu wadda ta taɓa ƙasa,
ido tar,
ƙahon hagu ya tsere daga hoton, oho.

Baba ya daɗe yana kallo da ido ɗaya a runtse.
Ya ce, "Da a dā ne, yanzu ana fiɗa.
Ga ta a hannunka,
ga ta can kuma tana gudu.
Ka wanko mini guda."

Jiya a Wunti aka kawo yaro ɗan shekara uku,
ya ƙi zama, uwarsa na ta zare ido.
Na ce, "Hajiya, ƙyale shi."
Na manna gwiwar hannu a haƙarƙari
ina kallon kunnensa.